Makullin da Aka Ba Baƙo

Helwan, 9 ga Maris, 1998

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin aikina, Dakta Midhat, Abu Nuha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin? Ya idon? Ina fata zafin ya ragu, kuma kana iya cin abinci. Ka gaida mini matarka Sitt Sawsan da 'yarku Nuha, Allah ya ba su ladan jinya. Matata Afaf tana yi maka sannu. Ita ta dafa mulukiyar da na kawo ranar Asabar, wadda aka karɓa a bakin ƙofa aka ce mini kana barci. Na buga waya har yatsana ya gaji, kullum kana barci. Ban taɓa sanin ciwon ido yana sa barci haka ba, shi ya sa na ɗauko biro. Tunda Allah ya bar maka na dama lafiya lau, ya ishe ka karanta wasiƙa.

Jiya shugaban Cibiyar bincikenmu ya kira ni ofishinsa, ko zauna bai ce mini ba. Ya karanta mini abin da ka faɗa wa 'yan kwamitin bincike da suka same ka a asibiti. Wai ranar Alhamis kana tsaye a baranda, wajen ɗakin gwaji, sai bututun iskar kulorin mai guba ya yi tsartuwa ya fesa maka a ido. Wai ƙafarka ba ta taka cikin ɗakin ba. Na ce masa, "Yallaɓai, allurai ne ke magana, ba Midhat ba. Ku ba shi kwana biyu." Ya ce, "Garau yake, ya Wagdi, har tambayata ya yi yadda ƙwallon Juma'a ta ƙare." Daga nan ya tuna mini cewa bututun iska duk a wuyana suke. An dakatar da ni. In kwamiti ya yarda da maganarka, kora ce, watakila har da kotu.

To bari in tuna maka, ko allurar ta share maka wani abu.

Shekara goma sha ɗaya muna yi wa Hajja bauta a cikin rairayin nan. Kai ka sa wa lezar, na'urar nan tamu mai harba haske, wannan suna, ka ce tsohuwa ce mai yawan buƙata, a ba ta wannan a ba ta wancan, ba ta taɓa cewa an gode ba. Ni nawa iska ne: in haɗa kulorin da ruwan sinadari, in kora abin da ya fito ta cikin ƙananan bakunan nan da gudun da ya wuce na sauti, in zuba aidin a kan kari. Kai naka madubai, ka jera su yadda in haske ya tashi zai bi hanya ya je ya sami bulon da muke ajiyewa a ƙarshen ɗaki. Haske ne da ido ba ya gani, don haka ba mu da shaida sai bulo in ya ƙone, da ma'aunin da ke bayansa. Bulo ɗaya ne tun ranar farko, har yau ko tabo babu. Kuma ka san ma'aikata ta ce in bazara ta shigo bai ƙone ba, za a rufe mu.

Dokar makulli ma kai ka zo da ita daga inda ka yi karatu, ka yi ta cika mana baki da ita. Makullan tagulla shida a kan allo a bakin ƙofa, kowa da nasa, ba mai taɓa na wani. Duk mai shiga ya cire nasa ya rataya a wuya. Muddin ɗaya ba ya kan allo, fitilar ɗakina ja ce, maɓallin kunnawa kuma matacce ne. Ni ba na ganin cikin ɗakin gwaji, katanga ce tsakaninmu mai kaurin kamu biyu. Fitila kawai nake gani.

Ranar Alhamis bayan la'asar, sauran ma'aikata suna can rumfar tankuna, fitila ta yi kore. Na saki jiniya, na jira yadda muka saba, na danna. Hajja ta yi rurinta na ɗan lokaci ta yi shiru. Na duba ma'auni, ko motsi. Na zage ta, na zagi uwar da ta haife ta, na taso in buɗe ƙofa iska ta shiga. Sai ga ka a ƙasa, kusa da madubin ƙarshe, sifana a gefenka, tabarau a goshi, hannu a kan idon hagu. Tagar baya mai kallon tudun rairayi a buɗe. Wuyanka babu makulli. Makullinka mai lamba huɗu yana rataye a kan allo.

Ni na ciccibe ka na sa a tsohuwar motata. A hanya kana kuka kana dariya, kana dukan kafaɗata har na kusa faɗawa rami. Ka ce, "Ta kama, ɗan yankin Sa'id mai kan dutse, wallahi Hajja ta kama. Na ji ta kamar ƙusa." A ƙofar asibiti ka ce in ka fito sai mun yanka rago. Ni ma hawaye nake yi, kuma har yau ban san na tsoro ba ne ko na murna.

Yanzu ka gane abin da ke bakinka. Sunana yana ciki, ran Hajja ma yana ciki. Ka juya madubi ne lokacin da na danna, hasken ya kauce wa bulo, don haka a duniyar nan ba inda ya taɓa sai idonka. In ka ce kulorin ne, ni na zama mai sakaci, ita kuma ba ta taɓa kamawa ba. Ban tambaye ka wanda ya mayar da makullinka kan allo kana ciki ba. Ina jira ka faɗa da kanka.

Allah ya ba ka lafiya, ya dawo maka da abin da ka manta.

Ɗan'uwanka,
Wagdi

Helwan, 22 ga Maris, 1998

Dakta Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fata jiki da sauƙi, mutanen gida kuma suna lafiya. Na ji an sallame ka ka koma gida, barka. Na ji kuma baƙi suna ta shiga suna fita da furanni, ashe barcin ni kaɗai yake yi wa.

Ranar Talata na tsaya gaban kwamiti. Mutum uku ne, a cikinsu ba wanda ya taɓa shaƙar kulorin a rayuwarsa. Na kai su baranda, na cika bututu da iska, na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Shugabansu, mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ce, "To ai kai ne na ƙarshe a wurin ranar. Wa ya sani ko ka ɗaure kafin ka tafi?" Na ce, "Na ɗaure da wane hannu? Biyu gare ni, duka suna ɗauke da Dakta Midhat." Na faɗa musu a cikin ɗaki na same ka. Sai ya yi murmushi ya ce, "Bashmuhandis, babban injiniya, makullinsa yana kan allo ko ba ya kai?" Na ce yana kai. Ya ce, "To ba dokarku ba ce? In makulli yana kan allo, mai shi yana waje." Dokarka, Midhat. Da ita suka ɗaure ni tamau, sauran biyun suna gyaɗa kai suna kurɓar shayi.

Na roƙa aka bar ni na shiga ɗakin gwaji. Na bi bango da fitilar hannu taku bayan taku, na hau tsani na duba rufi, na rarrafa ƙarƙashin tebura ina neman tabon ƙuna ko da girman ƙwayar wake. Babu. Na tsaya inda na same ka na bi layin madubin da ido, sai na ga ya miƙe ta tagar da aka bari a buɗe, ya wuce saman tudu. Haskenmu na shekara goma sha ɗaya ya tafi sama abinsa, ɗan gefensa kawai ya daki sifana ya dawo maka.

Na dawo gida ina ta sake-sake a kan makullin nan, ina magana ni kaɗai a kan abinci. Sai Afaf ta ajiye cokali ta ce, "Wane makulli? Mai igiya ja?" Ashe daren farko da ta je asibiti, kafin labari ya canza riga, ta zauna kusa da matar Bahgat Bey, surukarku ta gobe. Matar tana ta ba mata labari wai Bey ya ziyarci wurin aikin Dakta da yamma, Dakta ya karrama shi karramawar da ba a taɓa yi masa ba, ya cire makullinsa da kansa ya rataya masa a wuya kamar lambar yabo. Afaf ba ta san ma'anar abin da ta ji ba. Ni na sani.

Ba sai ka ba ni sauran ba, na san ka tun kana ɗalibi mai takalmi ɗaya. Uban saurayin Nuha ya zo wucewa, tsohon janar, ɗan majalisar da ke kula da Cibiya, mutumin da aka karanta Fatiha da shi a falonka watan jiya. Ya ce yana son ganin abin da surukinsa ke yi. Ba za ka ce masa yau ranar sakar wa Hajja iska ce ba a shiga ba, bakinka ba zai iya ba. Ba za ka shiga da abu a wuya shi yana bin ka wuya wayam kamar ɗan dako ba. Na wasu ba a taɓawa, sai ka ba shi naka. Ka buɗe masa taga ya ga fili. Wari ya dame shi ya fita, kuma da yake mutum ne mai tarbiyya, ya mayar da kayan aro inda ya ga an ɗauko. Kai kuma ka tsaya gyara madubin da na tabbata ya dafa da hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jiniya. Ka ji ta, ba yadda za a yi ka ƙi ji. Amma shekara goma sha ɗaya jiniya ba ta nufin komai ga wanda ke ciki, domin wanda ke ciki makullinsa yana ƙirjinsa. Ka ci gaba da murza sifanarka hankali kwance.

Kuskure ne, kuma da ka faɗe shi da ni ne zan fara tsaya maka. Amma ka zauna ka auna. A hannu ɗaya Bey, wanda in aka ji ya shiga ɗakin gwaji ranar iska zai bar kujerarsa da kunya, ya tafi da ɗansa. A ɗaya hannun Wagdi, ɗan manomin Sohag, wanda ba shi da kowa a ma'aikata. Ba ka daɗe kana aunawa ba.

Ban ambaci sunan Bey a gaban kowa ba, kuma ba don kai ba. Ni na riƙe kyandir ranar sunan Nuha, ni na koya mata lissafi lokacin da kake yawon taro a ƙasashen waje. Ba zan zama wanda ya fasa mata aure ba. Abu ɗaya nake nema, kuma ba ya buƙatar ka buɗe baki. Akwai Dakta Insaf a asibitin koyarwa, ta san aikin ido, ba ta kuma jin tsoron mai gashin baki. Ka bar ta ta leƙa idon nan ta ɗauki hoto. Kulorin yana cin saman ido ne, kuma ba ya zaɓen ɗaya ya bar ɗaya. Haske yana huda wuri guda ya shige ciki. Likitanka ya rubuta abin da aka faɗa masa, ita za ta rubuta abin da ta gani. Daga nan ka ce ka manta ka shiga ba makulli, ka ce aljani ya mayar da shi, ka ce duk abin da ka ga dama. A wanke ni, a ba Hajja shekara ɗaya.

Ina jiran amsa, ko ta baki ko ta takarda. Allah ya ƙara sauƙi.

Wagdi Abul-Ela

Helwan, 11 ga Afrilu, 1998

Abu Nuha,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya hidimar biki? Barka da Sallah, ko da yake ta wuce. Wannan ce Sallar farko tun aurenmu da ba mu ci fatta a gidanku ba, yara sun yi ta tambaya, na ce musu baffansu Ammu Midhat yana barci.

Amsarka ta iso, cikin tiren basbusa. Sitt Sawsan ta zo shekaranjiya, ta ƙi yarda ta zauna a falo, ta ja Afaf kicin, ta manta cewa gidanmu ba irin naku ba ne, ana jin komai daga ko'ina. Na ji ta tana cewa, "Ya Umm Ziyad, mijinki ya cika taurin kai. Abin da ya faru ya riga ya faru, ido ba zai dawo ba. Bey yana da aboki mai masana'antar taki a Suez, suna neman wanda ya san bututu. Albashi ninki biyu, ga gida. Ya sa hannu kawai a kan abin da kwamiti ya rubuta, ba kotu ba komai." Afaf ta ce, "Ya sa hannu cewa shi ya makantar da Dakta?" Ta ce, "Haba, kalma ce kawai a takarda. Wa ke karanta takardun ma'aikata?"

Sai na shigo. Na gaishe ta da ladabi, na ce ta mayar da tiren, sukari ya hana ni. Ta ce, "Tun yaushe kake da sukari, ya Wagdi?" Na ce, "Tun ranar da mijinki ya sami kulorin a ido."

Ashe haka ka ɗauke ni. Ka shafa mini kashin kaji, sannan ka aiko da mai wanki daga Suez. Ziyad yana shekarar ƙarshe a makarantar injiniya, malamansa abokan karatunmu ne. Kafin hutun Sallah ya dawo ya shige ɗaki bai ci abinci ba, sai daga baya na ji wani malami ya kawo misalin sakaci da bututun iska a aji, bai faɗi suna ba, amma duk aji suka waiwaya. 'Yarka kake karewa, na gane. Ni ma ai ina da ɗa.

Kuma ka bar ni ma a gefe, Midhat. Hajja fa? Ka tuna shekarar da aka hana mu kuɗin aidin, muka yi ta bin shagunan magani na Attaba muna roƙo kamar masu neman taimakon masallaci? Ka tuna daminar da ka kwana uku kana goge madubi ɗaya, ka hana kowa numfashi kusa da shi? Kai kaɗai ne ɗan'adam da ya san ta kama, a jikinka ka sani. Yaya kake kwana da wannan? Ni da ban ji komai ba sai ruri, ba na iya runtsawa.

Kafin ta fita, Sawsan ta ce idon ya kumbura yana ruwa, likitoci suna maganar aiki, Bey ya samo maka ɗaki a asibitin kuɗi. Gabana ya faɗi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, rabi don kai ne rabi don abin da ke cikin idon. Na je na sami Dakta Insaf. Ta ce ranar Laraba da rana za ta zo har gidanka da kayanta, ba ta son ko sisi, ba za ta tambaye ka komai ba. Minti kaɗan ne. Ban taɓa roƙonka abu ba tun da muka haɗu, kai ne mai aron kwat ɗina da littattafaina. Yau ina roƙo, kuma ina jin haushin kaina da nake yi.

Ka buɗe mata ƙofa ranar Laraba. Allah ya sa a yi aiki a sa'a, ya ba ka lafiya.

Wagdi

Helwan, 17 ga Mayu, 1998

Zuwa ga Dakta Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fata ciwon ya warke, kana kuma sabawa. Ina gaida Sitt Sawsan. Nuha kuwa ka sumbaci goshinta a madadina, ka ce Ammu Wagdi yana yi mata fatan zaman lafiya da zuriya ta gari, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa.

Dakta Insaf ta je ranar Laraba kamar yadda ta yi alkawari. Mai gadin gidanku ya ce mata an wuce da Dakta asibiti tun da sassafe. Ta bi ka can, aka ce an shiga da kai. Da ta samu ganin likitan, an riga an gama, an cire idon. Ta tambaya ko an ajiye shi don bincike, ya ce iyali ba su nema ba. Na san idon ya lalace, ban ce ka sa an cire lafiyayye ba. Amma Sawsan da bakinta ta faɗa wa Afaf cewa ranar Asabar aka sa aikin. Wani ya matso da shi Laraba da safe, kuma ba a yi wa mutum aiki sai ya sa hannu.

Ran nan na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na yi maka kuka, domin na san idon nan tun yana lumshewa a kan madubi yana ganin ƙurar da ba wanda ke gani. Na kuma yi wa kaina, domin wuri ɗaya tak da haskenmu ya taɓa sauka a duniya, an naɗe shi a auduga an jefa a bokitin asibiti.

Kwamiti ya gama aikinsa. An kore ni saboda sakaci, ba kotu, wai don an duba daɗewata. An ce kai ka roƙa mini wannan, to na gode. A shafi na ƙarshe sun rubuta cewa na'urar ba ta taɓa ba da haske ba a duk gwajin da aka yi, don haka a rufe sashen. Suez ban je ba. Wani ɗan garinmu yana da shagon cika tukunyar gas a Ma'asara, ina zama masa da safe. Bututu bututu ne.

Ranar Litinin aka ba ni izinin kwashe kayana. Na tarar an fara kwance Hajja. Wasu 'yan gwangwan daga Sabtiyya suna yanka tankin zuƙa da wuta, ɗaya yana tambayata ko madubin nan zinariya ce ta gaske. Na ce ya tambayi Dakta Midhat, shi ya san darajar abubuwa. Bulonmu sun tokare ƙofa da shi don iska ta shiga. Na ɗaga na duba, fes yake kamar ranar da muka saye shi, na mayar musu.

Da zan fita na tsaya gaban allo. Makullai shida suna nan a jere, ba wanda ya kula da su, fitilar ɗakina tana ta ba da kore ga kujerar da ba kowa. Nawa na bar musu, ni na fito. Naka na cire. Ban taɓa taɓa makullin wani ba sai ranar, na leƙa na ga fitila ta koma ja, na ja ƙofa na tafi.

Katin biki ya iso, mai ruwan zinariya, da sunanka da na Bey a jere. Afaf za ta zo, ta ce ba za ta bar yarinyar da ta goya ta shiga gidan miji ba ta gan ta ba, ban hana ta ba. Ni ba zan zo ba. Za a ce mini in zo mu ɗauki hoto, in tsaya a gefenka na hagu inda ba ka gani, ni kuma ba zan iya murmushi ba.

Za ka ji nauyi a cikin ambulan, makullinka ne mai lamba huɗu da igiyarsa ja. Ba tsaraba ba ce, dokarka nake bi. Ka shiga ɗakin nan ranar Alhamis, ni na same ka a ciki, kuma mutumin da na ɗauko yana dukan kafaɗata yana cewa ta kama, ban sake ganinsa ba tun ƙofar asibiti. Wanda ke ciki shi ke riƙe makullinsa. Ka rataya shi ƙarƙashin kwat ranar biki, ba wanda zai gani. In wata rana ka fito, ka san gidana, ka kawo mini shi da hannunka.

Allah ya sanya albarka a auren, ya kiyaye maka na dama.

Wagdi Abul-Ela